Kawu Lió da Satar Bugu

A ƙauyenmu Pequi Torto ba a cewa mutum ya iya ganga sai maza sun yarda su tsaya gabansa su ba shi amanar gwiwoyinsu. Kawuna Leocádio, yayan mahaifiyata, wanda kowa ke kira Lió, ya riƙe wannan amana tun kafin a haife ni. Gurgu ne. Ƙafarsa ta hagu ta karkace waje daga gwiwa, in ya bi ta kan yashi sai ya bar sawu biyu da ba su yi kama da juna ba, ɗaya na mutum, ɗaya kamar an ja reshe. Ba haka aka haife shi ba. Ganga ce ta yi masa.

Inna, mahaifiyata, ta ce yana saurayi ba a taɓa kayar da shi a pungar maza ba. Kafin mata su shigo fili da faffaɗan siket ɗinsu, maza ne kan buɗe shi da wannan wasa. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya, ƙafafu haɗe, hannu biyu a kan mara, jiki sake. Wani kuma yana zagaya shi yana rawa. Babbar ganga tana tafiya tana tafiya, har ta iso inda kowa ya san za ta sauke bugun nan mai nauyi da muke kira punga. A kan wannan bugun mai zagaye yake kawo gwiwarsa a cinyar na tsaye, a kansa kuma na tsaye yake ɗaure jiki ya kafe. In ya kafe da kyau, mai dukan ne zai koma yana ɗingishi. In bai kafe ba ya sha ƙasa, a yi masa dariya, ya tashi ya kakkaɓe wando. Doka ɗaya ce: na tsaye ba ya waigen makaɗi. Kunne ake ba ganga, ba ido ba.

Amma idan makaɗi ya haɗa baki da mai duka, ya riƙe hannunsa na ɗan ƙiftawar ido, duka zai riga bugu sauka, ya tarar da gwiwa a sake. Wannan shi ne satar bugu.

Makaɗin wancan zamani, Anacleto, shi ya saci bugu a kan Kawu. Wasu sun ce a kan kwalekwale ne, wasu sun ce a kan Apolônia ce, wadda daga baya ta zama matar Kawu. Inna tana ƙarama lokacin, tana zaune a cinyar kakarmu. Ta ce ƙarar da ta ji irin ta babasu ce, 'yar kwakwar dajinmu mai tauri, idan aka ɗora ta a bakin gatari aka sauke mata kulki. Ƙashi ya huda fata ya leƙo fari fat. Aka naɗe shi a ragar kwanciya, aka ratsa fadama da shi ruwa iya ƙirji zuwa wurin maɗori. Anacleto kuwa ya rantse da Waliyyi Benedito cewa hannunsa ne ya zame da gumi.

Da Kawu ya tashi, bai kai ƙara ba, bai ɗauki adda ba. Sai ya riƙa zuwa yana zama daf da Anacleto duk ranar kiɗa, ba ya cewa uffan, idonsa a kan hannun mutumin. Haka ya koya. Ya sare itace da kansa, ya ƙone cikinsa da garwashi har ya zama rami, ya ɗaure masa fatar bijimi. Ranar da barasa ta gama da hannun Anacleto, Kawu ya ɗaura igiyar tasa gangar a ƙugu, ya sa ta tsakanin ƙafafunsa, babu wanda ya ce masa don me.

Abin da ya rage na rayuwarsa irin na kowa ne. Da damina ya shiga fadama da kwandon kifi, da rani ya tuya garin rogo. Yana son kifi da barkono da lemun tsami, yana ƙin takalmi. Kafin kiɗa yakan jingina gangunan kiɗan uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, a bakin wuta har fatarsu ta ɗaure, yana ƙwanƙwasa su da yatsa yana sauraro kamar mai zaɓen kankana. Sai ya zuba wa babbar ɗan barasar rake a fata, ya shafa, ya kurɓi sauran.

"Rabonta, rabona," in ji shi kullum.

"Rabonka dai ya fi nata tsawo," Goggo Apolônia za ta ce.

Daga ƙauyuka masu nisa maza ke zuwa su tsaya a gabansa. Akwai maganar da ake yi a duk faɗin fadamar: je ka tsaya gaban gurgun Pequi Torto, ko jiya ka zagi uwarsa zai ba ka bugunka daidai. Ba shi da gona mai faɗi, ba shi da saniya. Wannan maganar ita ce dukiyarsa, kuma ya san da haka.

Ina shekarar farko a jami'a a São Luís aka kawo wayar shinge fadamarmu. Wani mai kiwon ɓauna ya ce ya sayi filin da kakanninmu ke kamun kifi, ya kewaye shi. Ba wayar ƙaya kaɗai ba, har da mai wutar lantarki, an ja ta ƙasa-ƙasa a cikin ruwa inda ciyawa ke rufe ta. Wanda ya ja wayar ɗan garinmu ne, Gervásio, ɗan Anacleto. Shi ya san mashigar kowa. Mai ɓauna ya ba shi babur da bindiga da takalmin roba mai tsawo, shi kuma ya ba mai ɓauna hanyoyinmu.

Ya harbe aladun mutane da suka ratsa shinge. Ya tarar da mata suna fasa kwakwa a cikin filin, ya zubar da kwandunansu, ya zane su da gefen adda. Inna tana cikinsu, har yau akwai shatar a bayanta. Sai kuma wata safiya Tibúrcio, ɗan Kawu tilo, ya shiga ruwa da kwandonsa ta mashigar da ya saba bi tun yana yaro. A tsaye aka same shi, ya sanƙare, hannunsa maƙale da wayar, ƙananan kifaye matattu suna yawo kewaye da shi. Sai da aka sa busasshen gora aka ɓamɓare shi. Tafin hannunsa ya ƙone baƙi ƙirin.

Aka je gari aka faɗa wa hukuma, aka saurara, aka ce za a duba. Wayar tana nan.

Bayan wata uku ko huɗu, ina gida hutu, Iya Eulália ta zo ƙofar Kawu. Ita ce matar marigayi Anacleto, uwar Gervásio, tsohuwa ce da ba ta gani sosai. Ta tsaya a waje, ba ta nemi kujera ba.

"Lió, na zo da kunya a hannu," ta ce. "Bara da ɓauna ta soke ɗana a ciki, na yi wa Waliyyi alkawari. In ya tashi zan yi masa ganga ta yini guda, shi kuma ya tsaya a fili ya karɓi punga. Ya tashi. Waliyyi ya fara zo mini a mafarki."

Goggo Apolônia ta fito daga kicin da wuƙar kifi a hannu. "Ki je ki tono mijinki ya kaɗa miki mana!"

"Shiga ciki, Polônia," in ji Kawu.

"Ba zan shiga ba. Ɗanta ya tashi, nawa fa? Wane waliyyi zan je wa?"

Kowa ya san ba a ƙin gangar alkawari. Ba ta mai alkawarin ba ce, ta Waliyyi ce, kuma filinta ba a korar kowa daga cikinsa.

"Wace rana, Iya?" ya tambaya.

Tun daga ranar gidan ya cika da baƙi. Ba wanda ya faɗi abin da ya kawo shi sai Cirilo, aminin Tibúrcio, wanda ya riƙe goran nan da aka ɓamɓare gawar da shi. Ƙato ne, cinyarsa kamar turmi. Ya sami Kawu a bayan ɗaki yana jiƙa fata, ni kuma ina gefe ina tsince wake, ba wanda ya damu da ni.

"Baba Lió, ni zan zagaya Gervásio," ya ce. "Ba na roƙon ka abu mai yawa. Numfashi ɗaya. Ka riƙe hannu numfashi ɗaya, saura nawa ne."

Kawu ya ci gaba da murza fata.

"Ubansa ya yi maka. Shi ya yi wa ɗanka. Waliyyi da kansa ya kawo maka shi har gida a faranti, me kuma kake jira?"

"Ka ci abinci yau?" in ji Kawu.

"Baba!"

"Je ka ci. Ƙato ba ya tunani da yunwa. Da ƙoshi ma yaya aka ƙare."

Cirilo ya yi dariya ya tafi. A ganinsa an amsa masa ke nan.

Ranar alkawari rana ta buɗe tas. Aka fito da Waliyyi Benedito, ɗan baƙin gunki da jariri a hannu, aka aza shi a kan tebur da farin ƙyalle da kyandir. Aka yi addu'o'i, aka yanka alade. Mutane sun zo daga ko'ina, fiye da yadda gangar tsohuwa makauniya ta saba tarawa. Gervásio ya iso da hantsi shi da abokan aikinsa biyu, suka jingina babura a gindin mangwaro. Ya cire bindiga ya ba ɗayansu, ya cire takalmin roba. Ƙafafunsa sun yi fari sun yi laushi kamar na mai jinya.

"Kai, ku duba ƙafar kare in ta sami gidan mai kuɗi!" wata ta ce daga cikin mata.

"Ka gaishe da wayarka!"

"Yau dai ba shinge tsakaninmu!"

Ya je ya durƙusa gaban uwarsa, ta shafa kansa. Sannan ya shiga tsakiyar fili, ya haɗe ƙafafu, ya sa hannu a mara. Ƙaramar ganga ta fara, matsakaiciya ta ɗauka, Kawu ya shigo da babbar daga ƙasa. Cirilo ya fara zagaye, yana karkaɗa kafaɗu, yana murmushi.

Ina tsaye kusa da wutar ɗumama ganguna, ina ganin fuskar Kawu ta gefe. Idonsa a rufe. Hawaye ne ko gumi, ban sani ba. Kiɗan yana hawa, ni da na tashi a cikinsa ina jin inda zai sauka a tafin ƙafata, kamar yadda kowa a wurin ke ji. Gervásio ma yana ji. Amma tun kiɗa bai kai rabi ba na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, ya ɗaure jiki tun lokaci bai yi ba. Ya san labarin ubansa. Ya san abin da shi zai yi da a ce shi ne ke riƙe da gangar. Ya riƙe, ya riƙe, ƙafafunsa suka fara rawa. Ana saura kaɗan bugu ya sauka, sai ya kasa daurewa. Ya waiga ya dubi hannun Kawu.

Kafaɗa ta bi kai, ƙugu ya bi kafaɗa. Maimakon cinya ta fuskanci duka, sai gefen gwiwa.

Bugu ya sauka a wurinsa. Gwiwar Cirilo ta sauka tare da shi.

Na ji ƙarar da Inna ta daɗe tana ba ni labarinta. Ƙafar ta naɗe ta inda ƙafa ba ta naɗewa. Gervásio ya faɗi yana wani irin kuka kamar na aladen da aka yanka da safe, yana tona ƙasa da farce, fitsari ya jiƙa masa wando. Iya Eulália tana lalube a iska tana tambaya, "Mene ne? Wane ne?" Abokan aikinsa suka zaro bindiga suka harba sama, mutane suka watse suka sake haɗuwa da adduna, sai da dattawa suka shiga tsakani aka bar su suka ɗora shi a babur, ƙafar tana reto.

Ƙurar baburan ba ta kwanta ba aka ɗauki Kawu sama, shi da gangar da ke ɗaure a ƙugunsa.

"Hannun da ya rama mana!"

"Gurgu ya biya gurgu!"

"Ku sauke ni," yake cewa. "Ban saci komai ba. Ku sauke ni, 'yan banza!"

Suka yi ta dariya. Cirilo ya sumbaci hannunsa. "Haka ne, Baba, ba ka saci komai ba. Mu ma ba mu ga komai ba." Har Goggo Apolônia, wadda ba ta ƙara kallon idonsa ba tun rasuwar ɗansu, ranar ta zuba masa abinci da hannunta ta zauna kusa da shi. Na ce wa Inna a hankali, "Ai Gervásio waigawa ya yi." Ta ce in rufe bakina, karatu ya sa ina ganin abin da babu.

Gervásio kuwa daga gadon asibiti ya ce wa mai gidansa an saci bugu a kansa.

Mutanen mai ɓauna suka zo da tsakar rana, mako bai cika ba. Muna rumfar tuyar gari, ni da Inna da Goggo muna tankaɗe, Kawu yana juya gari a kan babban kasko. Mutum uku ne, baƙi, ba mu san fuskarsu ba. Ɗaya ya shiga ɗaki ya jawo babbar ganga, ya kwance igiyarta. Da ita suka ɗaure Kawu a jikin ginshiƙin rumfa, suka miƙar da hannayensa a kan bakin turmi. Goggo ta yi kansu da itacen wuta, aka tare ta da gindin bindiga a baki, haƙoranta biyu suka faɗa cikin gari. Ni da Inna aka sa mu kwanta rubda-ciki, amma fuskata tana wajensa.

Babbansu ya ɗauki kulkin da muke fasa kwakwa da shi, ya jinjina nauyinsa.

"Tsoho, wanne hannun ne ɓarawon?"

"Ba ɓarawo a cikinsu."

"To wanne ke ba da bugun?"

"Duk biyun suna aiki," in ji Kawu.

"Ka hutar da ni zaɓe."

Ya fara da dama, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa, kamar mace mai cika kwando. Kawu bai yi ihu ba sai a babban yatsa. Da aka koma hagu ya riga ya suma, sai suka watsa masa ruwan rogo ya farfaɗo, suka ƙarasa. Garin da ke kan kasko ya ƙone, hayaƙinsa ya cika rumfar. Kafin su tafi ɗaya ya soka wuƙa a fatar gangar ya tsarge ta gida biyu.

Bai mutu ba, ko da yake zazzaɓi ya kusa ɗauke shi, har Goggo ta yi wa Waliyyi nata alkawarin. Yatsun suka warke a murɗe, kamar saiwar rogo da ta ci karo da dutse. Ba ya iya riƙe cokali, ba ya iya ɓalle maɓalli. Bai taɓa yin ƙorafi a kan wannan ba. Abin da ke cin sa daban ne.

Mutane suna girmama shi fiye da da. Ana kawo masa kifi, ana nuna wa baƙi shi. Har waƙa aka yi masa, ta gurgun da ya jira shekaru da bugu ɗaya a aljihu. Amma daga ranar ba namijin da ya sake tsayawa a filin Pequi Torto. Wanda ya iya sata sau ɗaya don gaskiya, ai ya iya sata. Maganar nan ta ko ka zagi uwarsa, aka daina yin ta. Ranar kiɗa sai mata su shiga kai tsaye, Kawu yana zaune bakin wuta yana juya gangunan wasu da gwiwar hannu. Idan aka fara waƙarsa ya tashi ya bar wurin.

Da hutun shekara ya zagayo ya ce in raka shi gari, don ba ya iya riƙe filafilin kwalekwale. A kasuwar kifi muka sami Gervásio. Mai ɓauna ya sallame shi tun da ya ga ƙafar ba za ta koma ba, ya karɓe babur da takalmi. Yana zaune a kan akwati yana kankare ɓawon kifin mutane, ƙafar a miƙe sanƙarau, sanda a gefe. Da ya gan mu ya damƙe wuƙarsa.

"Ajiye," in ji Kawu. "Da me zan shaƙe ka?" Ya ɗaga hannayen.

Gervásio ya kalle su, ya kau da kai. "Ba ni na aiko mutanen nan ba."

"Bakinka ya aiko su. Kai da ni mun san abin da ya faru a filin nan."

Ƙudaje suna bin kifin.

"In na faɗa ma wa zai yarda?" in ji Gervásio. "Bakin kare? Za su ce ka biya ni da kifi."

"Ba bakinka nake nema ba."

"To me?"

"Polônia za ta cika alkawarinta in ruwa ya janye. Ni zan kaɗa." Kawu ya nuna da haɓa. "Ƙafa ɗaya ta rage maka. Kawo ta fili."

Gervásio ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ka haukace, tsoho. Ka kashe ni kawai mana."

"Da kashe ka nake so, da na yi lokacin ina da yatsu. Taso mu tafi, 'yar nan, warin wurin nan ya ishe ni."

Muka koma gida a kwalekwale.

Kawu ya sa aka ɗaure wa gangar sabuwar fata. Kullum da yamma yana bayan ɗaki yana koyon bugu da gindin tafi, inda ƙashi bai karye ba. Sautin ya fi na da kauri, ba shi da ado, amma yana sauka inda ya kamata. Fatar hannun takan tsage, Goggo ta ɗaure masa da tsumma tana zaginsa.

Ranar gangar Goggo aka fito da Waliyyi, aka yi addu'a, aka ɗaura wa Kawu igiya a ƙugu don ba ya iya ƙulli. Mata suka gyara siket za su shiga.

"Ku dakata," ya ce. "Maza tukuna."

Ya fara kiɗa. Fili fayau. Maza suna kallon yatsun ƙafarsu, wasu suna murmushin jin kunya. Ya kai bugu ya sauke a kan iska, ya sake ɗaukowa daga farko. Ya sake. Tsumman hannunsa ya fara ja.

Sai aka ji mutane suna buɗa hanya ta wajen mangwaro. Gervásio ne, shi kaɗai, da sandarsa. Wani ya jefe shi da ɓawon kwakwa ya same shi a kunne. Bai tsaya ba har tsakiyar fili. Ya yar da sandar, ya jawo matacciyar ƙafar ya haɗa da mai rai, ya sa hannu a mara. Sannan ya juya a hankali, yana tangaɗi, har ya ba gangar baya gaba ɗaya.



"Wa zai zagaya shi?" in ji Kawu, bai daina kiɗa ba.

Cirilo ya cire riga. "Ni. In ƙarasa aikin da na fara."

"Cirilo."

"Baba?"

"A kan bugu. A cinya. In ka riga ni ko da gashin ido, ni da kai ne har kabari."

Cirilo ya tsaya yana kallonsa, murmushin ya bar fuskarsa. Ina jin a lokacin ne abin ya fara shigarsa. Ya fara zagaye. Kiɗa ya hau. Na zuba wa wuyan Gervásio ido. Gumi yana gangara, leɓɓansa suna motsi, amma jikin a sake yake, kansa bai motsa ba. Bugu ya sauka, na ga ya ɗaure tare da shi, gwiwar Cirilo ta same shi a tsokar cinya da ƙarar da ta kai bakin fadama. Mai ƙafa ɗaya ba ya kafewa. Ya tashi sama ya faɗo da fuska, hancinsa ya fashe, jini ya malale a yashi.

Ya kwanta kaɗan. Sai ya laluba gwiwarsa mai rai, ya naɗe ta, ya miƙe ta, ya sake naɗewa, a gaban kowa. Lafiyarta ƙalau. Ya tofar da jini da yashi.

"Haka ya sauka waccan ranar ma," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Ni na waiga."

Goggo Apolônia ta ratso mata ta zo ta tsaya a kansa. Ta tofa masa yawu ta giɓin haƙoranta. "Wannan ba zai fito mini da ɗana daga ruwa ba."

"Na sani, Goggo."

"Ban zama goggonka ba."

Ta juya ta dubi mijinta, kallon da na kasa fassarawa, ta koma cikin mata. Akwai waɗanda har yau suka fi son tsohon labarin, suna rera waƙar in Kawu ba ya kusa. Cirilo ya ɗauki rigarsa ya tafi bayan rumfa, bai dawo ba sai yamma.

"Ku miƙa masa sandarsa ya fita mini daga fili," in ji Kawu. "Yana ɓata mini yashi." Jini ya ratso tsumma yana barin tambari a sabuwar fata duk inda hannunsa ya sauka. Ya ɗauko kiɗan daga farko. "Wa ke biye?"

Aka ɗan jima. Sai wani dattijo daga ƙauyen hayi, wanda ya daina zuwa tun bara, ya miƙa wa matarsa hularsa, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga tsakiya ya haɗe ƙafafu.

"Gurgu," ya ce, bai waiga ba, "jiya na zagi uwarka."

"Na ji labari," in ji Kawu. "Tsaya da kyau."